Ƙafar Arzika Ɗan Maiyama

A Ilo, bakin kogin Kwara, aka fara kirana maɗori, kuma ban ce a'a ba. Duk abin da zan faɗa daga nan ya taso, saboda haka daga nan zan soma.

Kwana biyar ke nan da tashinmu daga Jega cikin ayarin Madugu Hamidu, za mu Gwanja sayen goro. An ɗora wa jakuna kanwa da baƙaƙen riguna da gabu, wato busasshen ganyen albasar nan da ake dunƙulawa. Lokacin Nasara bai daɗe da zama ƙasarmu ba, hanya ta ɗan yi lafiya, kowane saurayi mai jin kansa yana so a ce ya taka Gwanja. Ni abin da nake da shi jaki ɗaya ne da innata ta ba ni, da taiki biyu na gabu, da baki mai yawa. Shekaruna ba su wuce ashirin da biyu ba.

Muna zaune ƙarƙashin wata tsamiya muna jiran masu fito su gama da ayarin da ya riga mu, sai Madugu ya zo yana duba sababbin fuskoki. Dattijo ne mai jiki, ɗan Jega, ya je Gwanja har ya daina lissafi. Ya tsaya a kaina.

"Kai samari, ɗan ina na?"

"Ɗan Aliero na, Madugu. Sahabi sunana."

"Aliero wane gida?"

Na faɗi sunan ubana. Sai ya tafa hannu, ya juya wajen mutane. "Kun jiya? Ɗan gidan ɗori na! Ubanai yaɗ ɗora min wanga hannu shekarad da doki yak kayar da ni. Ashe bana da maɗorinmu munka taso."

Abin da ake bukata a wurin bai fi in ce ban iya ba. Na ji maganar ta zo bakina, na haɗiye ta. Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka tawali'u ne.

Gaskiyar magana, a gidanmu ana ɗori tun kakan kakana, amma ni abin da na sani riƙo ne. In an kawo mai karaya, Baba ya zauna wajen ƙafa, ni a ce in danne cinya ko in rungume kafaɗa kada mutum ya motsa. Shekara biyar ina wannan, kuma a ganina aikin turke ne, ba na ɗan gida ba. Baba yakan ce, "Sahabi, dubi hannuna," ni kuwa idona na ƙofar zaure, ina sauraren kiɗan 'yan dambe ko ina tunanin ranar kasuwar Jega. Na haddace abin da ake tofawa. Na iya fere karan ɗori in jera shi in saƙe da zare. Na san man shanu. Duk abin da ɗan kallo ke hangowa na sani. Amma abin da yatsun Baba ke yi tsakanin ihun mutum da shirunsa, wannan ban taɓa tsayawa na duba ba. Da na gaji da riƙo da ban ruwan albasa, na ce fatauci zan yi, Baba bai hana ni ba.

Mutumin da ke zaune kusa da ni a tsamiyar nan shi ne Arzika, ɗan Maiyama, mai jakuna uku. Ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar, dogo siriri, ba ya gajiya da tafiya. Ba shi da wata gona ta a zo a gani. Tafiyar nan ɗaya a shekara ita ke ciyar da matarsa da 'ya'yansa huɗu da tsohuwarsa, kuma duk da ƙafa yake yin ta, don bai taɓa hawa jakin da zai iya ɗaukar kaya ba. Da Madugu ya wuce, ya dubi kayana ya yi murmushi.

"Ƙanena, kai maɗorin mutane na, amma wanga ɗaurin kaya naka ba shi kai Kandi."

Na ce ai haka muke ɗaurewa a Aliero. Bai yi min gardama ba, ya tashi ya kwance igiyar ya sake ɗaurewa yana waƙa ƙasa-ƙasa. Tun daga ranar wuta ɗaya muke hurawa, tukunya ɗaya muke ci.

A Kandi muka tarar da Faransawa. A tafiyar nan Nasara iri uku muka gani, da namu, da waɗannan, da Jamusawan Mango, kowa da irin hularsa da irin tsawarsa, amma dukansu abu guda suka iya, su tsayar da ayari cikin rana su ƙirga jakuna. Muna cikin wannan tsayuwa wani falke ɗan Dangamaji ya taka rami, idon ƙafarsa ya kumbura. Aka ce ina ɗan Aliero. Na zo na shafa man shanu, na murza, na tofa, na naɗe da tsumma. Targaɗe ne kawai, ko ba a taɓa shi ba zai warke. Kwana uku mutumin ya miƙe yana korar jakunansa, yana bi zango-zango yana ba da labarina.

Daga nan na zama wani abu. Ba na zuwa ɗibar ruwa, ba na zuwa yankan ciyawa, in an yanka akuya a zango hanta tawa ce. Har tafiyata ta canja. Na sayi wata 'yar jakar fata na rataya, babu komai ciki sai zare da ɗan ƙoƙon man shanu, amma ban bari kowa ya taɓa ta ba. Dattawan da suka haife ni suna kirana Malam Sahabi, ni kuma, rashin kunya, ina amsawa a hankali kamar wanda aka tasa daga karatu.

Zugu kuwa, garin da ke gaba da Kandi, ba ta san Malam Sahabi ba, da atuni ta karɓe ni. Kwana biyu na zube, ko tsayuwar salla ba na iyawa. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya, kuma masu ba ni hanta duk suka sami abin yi a wani gefe. Arzika ne ya sauke kayan jakinsa ɗaya, ya rarraba wa sauran, ragowar ya ɗora a kansa, ya aza ni bisa jakin. Kwana shida muna haka. Ya dama min kunun kanwa, ya nemo ɓawon wani itace ya jiƙa min. Wandona da ya ɓaci, shi ya ɗauka ya kai rafi ya wanke, ya shanya inda ba mai gani, kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Ranar da na iya zama, na ce masa, "Yaya Arzika, da mi zan saka maka?"

Ya ce, "Kai dai ka warke. Wa yas san ranad da zan bukaci hannunka?"

Mu biyu ne kaɗai a wurin, ba mai jin mu sai jakuna. Da na faɗa masa a nan cewa ban iya ɗori ba, da dariya zai yi, ya ce to sai ka koma ɗibar ruwa. Na san haka sarai. Na ci gaba da shan kununa.

Daga Zugu muka ratsa duwatsu muka faɗa Mango, daga Mango sai Yandi, daga Yandi sai Salga. Ban taɓa sanin ina son Aliero ba sai a Salga. Ga gari cike da mutane, ga Hausa ana ji ko'ina, amma ba irin tamu ba, in na buɗe baki sai 'yan Kano su kwaikwaye ni su yi ta dariya. Wata rana da hantsi na bi ta bayan wani gida, wata mata na soya miya da gabu. Warin albasar nan da na gudo dominsa shi ya tsayar da ni a jikin katanga, hawaye na zuba. Matar ta leƙo ta gan ni. Ba ta jin Hausa, ban ji nata ba, ta dai koma ta fito da ɗan tuwon doya a ganye ta miƙo min. Har yau ban san sunanta ba, amma ina sa ta cikin addu'a.

A Salga kuma aka cuce ni, kuma ni na ba da hanya. Arzika ya ce in zan sayi goro in jira shi, don sai an zura hannu har gindin huhun goron. Na ce haba, ɗan Aliero ne za a koya wa ciniki? Na tafi ni kaɗai. Dillalin ya kira ni Malam, ya shimfiɗa min buzu, ya buɗe min huhu, ga goro fari da ja manya-manya suna ƙyalli. Na ba da gabuna duka na ɗauka. Da muka zazzage a masauki, daga tsakiya zuwa ƙasa duk sankara ta cinye. Na koma, aka ce dillalin ya wuce garin Kantamfo. Arzika bai ce ai na faɗa maka ba. Ya zauna muka tsince mai kyau, ya ɗebo daga nasa ya cika min huhu ɗaya, ya nuna min yadda ake shimfiɗa ganye da yayyafa ruwa. Na yini ina zagin dillalin nan, ina cewa mutumin da ke sa mai kyau a sama ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa bai cancanci a yi masa salla ba, jakar fatata na rataye a wuyana.

A hanyar dawowa ne abin ya faru, cikin duwatsun da ke tsakanin Mango da Zugu. Da safe ne, muna gangara wani mashigin rafi mai santsi. Jakina ya zame, kayansa suka karkata, don ranar ni na ɗaure da kaina. Arzika na bayana, ya yi tsalle ya tare shi kada ya faɗa kwazazzabo. Jakin ya tsira, amma shi da kayan duka suka sauka bisa ƙafar Arzika ta hagu. Na ji ƙarar, kuma na san ta, don na sha jin masu karaya na ba da labarinta a zaurenmu. Ƙwauri ne ya karye biyu.

Aka ɗauke shi zuwa wani ƙauyen Gurmawa da ke gindin dutsen, aka kwantar da shi a inuwa. Mutanen ƙauyen suka taru, kafin wani lokaci sai ga su da wani tsoho, ba riga a jikinsa, yana riƙe da tsagaggen gora a hammata. Ya durƙusa gaban Arzika. Ya miƙe masa ƙafafu, ya haɗa diddige da diddige yana dubawa. Ko da idona na ƙofar zaure, wannan kam na sha ganin Baba na yi da wutsiyar ido. Nan take na san tsohon nan ya iya.

Sai Madugu ya ɗaga hannu ya ce da tafinta, "Ka ce mai mun gode. Muna da namu, ɗan Aliero, gidan ɗori tun kaka da kakanni." Ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba, Malam Sahabi?"

Ayari duka na kallona. Ɗan Dangamaji na cewa a ba Malam wuri. Arzika da kansa, gumi na zuba a fuskarsa, ya ce, "Ku bar min ƙanena."

Sau uku ke nan magana ɗaya na zuwa bakina. A Ilo ba ta da tsada, a Zugu ma haka. A nan kuwa sai in ce duk hantar da na ci ta ƙarya ce, a gaban mutanen da na ci tasu. Na dubi wannan, na dubi ƙafar mutumin da ya wanke min wando, kuma na zaɓi fuskata. Ba ruɗewa na yi ba, ba ƙuruciya ba ce, ina sane na zaɓa. Na ce, "Haka na, Madugu."

Tsohon ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya daɗe yana duban su. Sannan ya ajiye gorarsa a ƙasa kusa da ni ya tafi abinsa.

Na sa mutum huɗu suka danne Arzika, wannan kam na iya. Na kama ƙafar na ɗan ja. Ya yi wani ihu yana kiran innarsa, na ji ƙasusuwan na gogar juna a ƙarƙashin babban yatsana, kuma ban san ina zan tura su ba. Na saki. Na shafa man shanu, na tofa duk abin da na haddace da ƙarfi don a ji, na jera gorar tsohon nan na saƙe da zare. Ɗaurin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, ko Baba bai fi ni iya jera kara ba. Madugu ya ce, "Kun ga aikin Aliero?" Arzika ya kamo hannuna ya ce Allah ya yi min albarka.

Goro ba ya jira, washegari muka tashi. Yanzu Arzika ne bisa jaki, ni nake korar nasa da nawa, nake yayyafa wa goronsa ruwa, nake sauke shi in ɗora shi. Mutane suka ga wannan ma abin yabo ne, suna cewa yaron nan akwai amana. Na daina cin hanta, na ce ba ta karɓe ni ba. Kullum in ya kwanta sai in saci kallon ƙafar, yatsun na duban waje alhali na ɗayar na duban sama. A Zugu ya tambaye ni me ya juya ƙafar, na ce kumburi ne. A Kandi ya ce ko a kwance a gani, na ce lokaci bai yi ba. Shi kuwa sai lissafin badi yake, wai in Allah ya kai mu zai ƙara jaki na huɗu, babban ɗansa ya fara binsa.

Bayan kusan wata guda muka iso Ilo, muka haye ruwa, muka sauka ƙarƙashin tsamiyar nan dai. Da azahar mutane suka tafi bakin ruwa alwala, ya ce, "Sahabi, kwance ta. Ƙaiƙayi ya ishe ni."

Na kwance. Ƙashin ya kama, amma ya kama a karkace, wani ya hau wani. Ƙwaurin ya lanƙwashe waje, ƙafar ta gaza 'yar'uwarta da kamar yatsa huɗu. Ya dafa ni ya miƙe, ya gwada takawa, ya zube. Ya zauna yana kallon ta, can ya ce, "To, haka Allah yas so. Kai ka yi naka."

Wannan maganar ce ta karya ni. Na durƙusa na faɗa masa duka, tun daga riƙon da nake yi a zaure har zuwa ranar. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Tsohon nan na ƙauye, ya iya?"

"Ya iya."

"Kuma ka sani tun sannan?"

"Na sani. Ya haɗa diddigenka awa yadda Baba ka yi."

Ya juya fuskarsa wajen ruwa. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, "Da kac ce ba ka iya ba, Sahabi, mi zan maka? Ni da niw wanke maka wando?"

Bai ƙara ce min komai ba, ranar da washegari da kwanakin da suka biyo. Ina ɗora shi ina sauke shi, yana karɓar ruwa daga hannuna, amma ba ya dubana. Kuma bai faɗa wa kowa ba. Da Madugu ya ga ƙafar ya yi salati, Arzika ya ce girgizar jaki ce ta gusar da ɗaurin.

Hanyarmu ta biyo ta Maiyama kafin Jega. Aka sauke shi a ƙofar gidansa, matarsa ta fito ta ga ƙafar, ta juya ta rufe fuska da zane. 'Ya'yan suka tsaya cirko-cirko. Tsohuwarsa kuwa ni ta nufo da ƙwaryar fura, tana cewa, "Ɗana, Allah shi saka maka, kai kak kawo min shi da rai." Na karɓi ƙwaryar, na kasa kai ta baki.

Ayari ya wuce Jega, ni na tsaya. Ba wanda ya san abin da na yi sai mutum ɗaya, kuma na ga alama ba zai taɓa faɗa ba. Ina iya bin ayari in sayar da goro, in shiga Aliero a ɗan Gwanja, in rataye jakar fatata a ɗaki. Na yi wannan tunani, ba zan ɓoye ba. Amma da safe na shiga inda yake kwance na ce, "Yaya Arzika, ka bari in kai ka wurin Baba."

Ya ce, "Ka san abin da za ya tambaya?"

"Na sani."

Ya dubi 'ya'yansa da ke wasa a tsakar gida. "Ba don kai ba," ya ce. "Don ɗiyan ga."

Muka kwana Jega, washegari da hantsi muka shiga Aliero. Zauren Baba cike yake kamar kullum, masu jinya da 'yan rakiya da maƙwabta masu zuwa hira. Wasu suka taso suna yi min barka da Gwanja. Baba ya amsa gaisuwata a gajarce, idonsa na kan ƙafar. Ya sa aka kwantar da Arzika, ya haɗa diddige da diddige, ya bi ƙwaurin da yatsa daga gwiwa har ƙasa.

"Wa yaɗ ɗora wagga ƙahwa?"

Arzika ya riga ni. "Wani na, Baba, can cikin duwatsu."

Ko a nan ma rufa min asiri yake. Na ce, "Ni na, Baba." Muryata ba ta fita ba, sai da na sake faɗa har na bakin ƙofa suka ji.

Baba bai ɗago ba. "Ka ja?"

"Ban ja ba."

"Ka gwada ta da 'yar'uwatta?"

"Ban gwada ba."

"To mi kay yi?"

"Na tohwa, na ɗaure."

Na so ya mare ni, na so ya kore ni daga gidan, da ya fi min sauƙi. Maimakon haka sai tsohon nan, wanda sarakuna ke aiko wa da doki, ya cire hularsa ya ajiye gaban mai jakuna uku daga Maiyama ya ce, "Bawan Allah, gidana yaɓ ɓata ka. Ka yahe muna." Ban taɓa ganin kan Baba ba hula a gaban baƙo ba sai ranar.

Ya gaya wa Arzika gaskiya, cewa ƙashi ya riga ya kama, sai an sake karya shi, kuma ko an yi ba za ta koma yadda Allah ya yi ta ba. Arzika ya ce a yi. Baba ya mayar da hularsa, ya zauna wajen ƙafa, ya ce, "Sahabi, riƙe."

Na durƙusa na danne cinyar, wurina na da. Ya ce, "Dubi hannuna." Na duba. Na ga inda ya sa gwiwarsa, na ji ƙarar a karo na biyu, na ji jikin Arzika ya sandare a ƙarƙashina. Na ga Baba ya ja, kuma ihun bai sa ya saki ba, ya ci gaba da ja a hankali, babban yatsansa na bin bakin ƙashi yana lallaɓa shi har ya zauna inda ya kamata. Ya haɗa diddige ya duba, ya ƙara ja kaɗan, ya sake dubawa. Tofin da man shanun da karan, waɗanda na ɗauka su ne ɗori, sai can ƙarshe suka zo, kuma ba su ɗauke shi komai ba. Abin da aka yi shekara biyar ana roƙona in kalla ke nan, bai kai tsawon salla ɗaya ba.

Arzika ya yi kwana arba'in a gidanmu, ni nake yi masa komai. Ƙafar ta miƙe, ta taku, amma ta rage gajarta da yatsa biyu. Bai sake zuwa Gwanja ba. Ya sayar da jakuna biyu, ya koma zama a kasuwar Jega yana sarin goro daga hannun fataken da a da yake gaba da su a hanya. Babban ɗansa bai bi shi ko'ina ba. Kowace damina ina zuwa Maiyama in yi masa noma kwana goma. Bai taɓa cewa na gode ba, bai kuma taɓa cewa kada in zo ba.

Ni kuma na koma riƙo, sai da na ƙara shekara bakwai kafin Baba ya matsa ya ba ni wajen ƙafa. Yanzu ni ke zaune a zauren, kuma akwai karayar da in an kawo nakan ce wannan ban iya ba, ku kai wa wane. Mutane na mamakin yadda nake faɗar haka ba nauyin baki. Ba su san abin da aka biya kafin bakin ya saki ba, kuma ba ni na biya ba.

Bayan rasuwar Baba da shekara biyu, aka kawo min wani magidanci daga Maiyama, rijiya ta rufta da shi, cinya ta karye. Tun daga nesa na gane mai rakiyarsu da tafiyarsa, yana tafe yana dogara sanda, gemu duk ya yi fari. 'Yan'uwan mai karayar suka tsaya bakin zaure suna shawara, don tsohon suka sani, ba su san ni ba. Na ji ɗaya na tambaya ƙasa-ƙasa, "Anya wanga ya iya?"

Arzika ya jingina sandarsa, ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu har gwiwa, ya nuna masu.

"Ya iya," ya ce. "Nan yak koya."

Ban iya ɗaga kai na dube shi ba. Na ce su shigo da mutumin su danne shi da kyau, na durƙusa na haɗa diddigensa biyu.